Ɗigo uku da suka hana ni barci

Makin ɗalibai nake son haɗawa da harshen C, sai na rubuta ɗan aiki mai karɓar lambobi ko nawa ne. Na ba shi maki huɗu, ya fito mini da lambar da ba kai ba gindi. Ga shi washegari ake jiran sakamako.

Masu C sun san printf: yau ka ba ta abu ɗaya, gobe goma. Sirrin yana cikin ɗigo uku (...) da fayil ɗin stdarg.h, wanda ya shiga ƙa'idar harshen a 1989. Da va_start ake buɗe jerin, va_arg na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, va_end ya rufe.

To amma fa aikin makaho ne. Bai san adadinsu ba, bai san irinsu ba, sai ka faɗa masa, kamar yadda %d ke yi wa printf. Ni 15 na tura, shi kuwa double yake jira, wato 15.0. Kwamfuta ko uffan ba ta ce ba.

Sai gab da asuba na gano. Da na amince da ita, da yaran mutane sun faɗi a banza.