Katangar Ƙwayar Cuta da Sinadaran da Ke Gyara Ta

Kusan kowace ƙwayar bakteriya tana da katanga mai tauri, saƙaƙƙiya da zaren sukari da guntayen furotin, wadda masana ke kira feftidoglaikan. Da babu ita, ruwa zai kumbura ƙwayar har ta fashe. Amma katangar ba ta zama yadda take. Kamar ganuwar Zariya a da, da ake fita gayya a yaɓe inda damina ta ci, haka ƙwayar ke ta aiki a kan tata: wasu sinadarai, wato inzayim, suna yanke saƙar don ta samu wurin girma, wasu na bin baya suna ɗinkewa.

A nan rauninta yake. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, masu ɗinkin yake tsayarwa. Masu yanka kuwa ba su dainawa, sai ƙwayar ta fashe da kanta. Jikin mutum ma yana da nasa makamin, laisozayim, a cikin hawaye da miyau da majina. Sai dai ƙwayar da ke kawo maruru tana da inzayim mai sauya fasalin katangarta, har laisozayim ya kasa cin ta.

Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, ta fi su wuyar sha'ani, don katangarta lulluɓe take da kitse mai kauri. Takan yi shekaru kwance a huhu ba tari ba zazzaɓi. Tana da inzayim 5 da ake kira Rpf, masu sassauta katangar su taimaka mata ta farka. Wani kuma, RipA, shi ke raba ƙwayar gida biyu. Idan aka rage shi, sai a ga ƙwayoyin a madubin bincike sun yi dogon jere, manne da juna, sun kasa rabuwa. Biyu daga cikin magungunan tarin fuka, aisonayazid da etambutol, ginin katangar nan suke hanawa.

Jinkirin ƙwayar wajen girma da iya kwanciyarta ne suka sa maganin ke ɗaukar wata 6. Barin sa don an ji sauƙi babban ganganci ne, musamman a gidajen cikin birni inda mutum da yawa ke kwana ɗaki ɗaya. Cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye, kusa da Zariya, magani kuma kyauta ne. Duk wanda tari ya kai masa mako 2, ya je a auna majinarsa.