Sabuwar Riga Da Sabon Shinge A Cikin Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, kun san duk sa'ad da aka fito da sabuwar Windows, abin da ke fara ɗaukar idon mutane shi ne fuskar allo. Wani ya ce an ɓoye masa maɓallin da ya saba dannawa, wani ya ce tsohuwar ta fi kyau. Amma akwai wani canji wanda ido ba ya gani, shi kuwa ya fi na fuska muhimmanci. Shi ne tsaron ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ku ɗauki ƙwaƙwalwar nan kamar kasuwa. Kowace manhaja da ke aiki an yanka mata rumfa, inda za ta ajiye kayanta da umarnin da take bi. Babbar manhaja, watau irin su Windows, ita ce sarkin kasuwa, aikinta ta hana wannan shiga rumfar wancan. A Windows 95 da 98 shingen bai cika ba, saboda haka manhaja guda in ta yi kuskure tana iya tsai da na'urar duka. Windows XP, wadda ta fito a 2001, an gina ta a kan harsashin da ya fi ƙarfi, duk da haka akwai sauran ɓaraka.

Ga yadda ɓarakar take. Manhaja takan tanadi wuri kamar mudu guda don saƙon da za a aiko mata. In mai rubuta ta ya manta bai sa ta auna saƙon ba, sai mugu ya aiko da mudu uku. Abin da ya yi saura sai ya zube a kan maƙwabcin wuri, inda manhajar ta rubuta adireshin umarnin da za ta koma ta bi. To, mugun nan ya riga ya cusa nasa umarni cikin saƙon, ya kuma shirya yadda zubewar za ta mai da adireshin ya nuna wurinsu. Sai na'ura ta bi umarninsa, tana zaton na mai ita ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan dabara tsohuwa ce. Tana cikin hanyoyin da tsutsar da Robert Morris, ɗalibin Jami'ar Cornell a Amurka, ya saki a 1988 ta bi ta yaɗu. A watan Agusta na 2003 kuma tsutsar Blaster ta bi irin wannan ƙofa ta shiga na'urori masu Windows XP, har wadda ta kamu takan nuna sanarwa cewa za ta kashe kanta bayan daƙiƙa 60.

Da abin ya yi tsanani, kamfanin Microsoft ya fito da babban gyara ga XP a 2004, mai suna Service Pack 2. A cikinsa akwai kariyar da ake kira DEP a taƙaice. Ma'anarta a raba ƙwaƙwalwa gida biyu, wurin umarni dabam, wurin kaya dabam. Duk abin da ke wurin kaya ba a bin sa, ko da umarni ne. Kamfanonin AMD da Intel sun sa alamar da ke tabbatar da wannan doka cikin jikin na'ura kanta. In mugu ya cusa umarninsa a wurin kaya, sai a rufe manhajar nan take.

Amma ɓarawo ba ya rasa dabara. Tun da an hana shi kawo nasa umarni, sai ya koma harhaɗa guntayen umarnin da ke cikin na'urar tun asali, gama ya san inda kowanne yake. Maganin wannan shi ne kariyar ASLR, watau a riƙa sauya wa rumfuna wuri duk sa'ad da aka kunna na'ura, don mugu ya rasa inda zai nufa. Masu Linux ne suka fara ta a 2001, ta shigo Windows tare da Vista a 2007.

Ku lura da abin da ya faru da Vista. Ta zo da tagogi masu sheƙi kamar gilashi, ta kuma riƙa tambayar izni kafin a canza wani muhimmin abu. Mutane da yawa suka ƙi ta saboda nauyinta da yawan tambaya, suka zauna a kan XP, ba su san sun bar sabon shinge ba. Windows 8 ta cire maɓallin Start a 2012, aka yi ta gunaguni har aka mai da shi a 2013. Windows 11 ta kai shi tsakiyar allo a 2021, a ƙarƙashi kuwa ta nemi na'ura mai ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0.

Me ya sa wannan ya shafe mu? A 2019 Microsoft ya bayyana cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa daga kuskuren ƙwaƙwalwa suke. An daina aiko wa XP gyara a 2014, Windows 7 a 2020, gyaran kyauta na kowa da kowa ga Windows 10 kuma ya ƙare a watan Oktoba na 2025. A watan Mayu na 2017 WannaCry ta kulle na'urorin asibitoci a Ingila, alhali maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris, ba a sa shi ba.

Gobe ku ne za ku riƙe sakamakon jarrabawa da sunayen yara cikin kwamfutar makaranta. Saboda haka kada ku tambayi ko allo ya yi kyau kaɗai. Ku tambaya, har yanzu ana aiko mata gyara? In ana aikowa, ku sa shi da wuri. In wata manhaja ta ce sai kun kashe kariya kafin ta yi aiki, ku nemi shawarar masani tukuna. Sabuwar fuska mako guda ya isa a saba da ita, amma takardun da suka salwanta da wuya su dawo. Rigakafi ya fi magani.