Ko Kun Sani?

A Amurka, fitilun ƙarƙashin ruwa na wuraren ninkaya ne aka fara wajabta wa na'urar GFCI, mai katse lantarki idan ya zurare, tun 1968. Banɗaki sai 1975, kicin kuwa har 1987. Aikinta kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar giɓin ya kai wajen miliamfiya 5, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Fis na gida ko gezau ba ya yi da wannan 'yar wutar. Amma jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare lantarki sosai, kuma ninki uku ko huɗu na 'yar wutar nan na iya sandarar da gaɓoɓin mai iyo, ya nutse ko da gwani ne.