Roƙon Abincin Yini Ɗaya: Yadda Kirista Ke Dogara ga Allah

 A shirinmu na wannan mako mun duba abin da addu'a take nufi a wurin Kirista, da dalilin da ya sa ba a raba ta da tawali'u. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna, domin wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya ko yana bayan shanu.

Addu'ar da kowane Kirista ya sani, ko ɗan Katolika ne ko na ECWA ko na EERN a Nijar, ita ce wadda ake kira Addu'ar Ubangiji. Yesu ne ya koya wa almajiransa, tana cikin Bisharar Matiyu sura ta 6 da ta Luka sura ta 11. Gajeruwa ce, ba ta kai minti ɗaya ba. Tana farawa da abin da ya shafi Allah, wato sunansa da mulkinsa da nufinsa, sannan ta gangaro kan bukatun ɗan Adam: abinci, gafara, da tsari daga mugu. A wajen abincin kuwa, na yini guda ake roƙo. Ba a ambaci rumbu ba, ba a ambaci na baɗi ba.

To me ya sa? Masu koyar da Littafi Mai Tsarki sukan mai da mu ga Littafin Fitowa sura ta 16. Da Isra'ilawa suka bar Masar suka shiga jeji, Allah ya ciyar da su da manna shekara 40. Kowace safiya mutum ya fita ya tara daidai cin iyalinsa na ranar. Wanda ya yi wayo ya ɓoye saura, da gari ya waye sai ya tarar ta yi tsutsa tana wari. A rana ta shida kaɗai ake tara na kwana biyu, saboda ranar hutu. Da haka aka koya musu su tashi kullum suna sanin hannun da ke ciyar da su.

Ɗan kasuwa ma ba a bar shi a baya ba. A wasiƙar Yakubu sura ta 4 an yi magana kai tsaye da fataken da ke tsara cewa za su tafi gari kaza, su shekara a can, su yi ciniki su ci riba. An tuna musu cewa ba su san abin da gobe za ta haifa ba, rai kamar hazo ne, don haka su jingina shirinsu ga yardar Ubangiji. Wanda ke bin hanyar Illela zuwa Konni ko ta Jibiya zuwa Maraɗi ya san wannan da jikinsa. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 aka fara buɗewa. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024. Mutane nawa suka kwana da lissafin riba, suka tashi motar albasa na tsaye a bakin shinge? Nassin bai hana yin shiri ba. Fahariya da goben da ba ta hannunka ya hana. Gobe ta Allah ce, in ji masu iya magana.

Sai batun halin mai roƙon. A Luka sura ta 18 Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali. Na farko Bafarisiye ne, mai kiyaye shari'a. Ya tsaya yana lissafa wa Allah kirkinsa: azumi sau biyu a mako, ushiri daga duk abin da ya samu, ga shi kuma ya fi wancan na bayansa. Na biyun mai karɓar haraji ne, irin ma'aikacin da ke zama a bakin hanya yana karɓar kuɗi a kan kaya, kamar dai kwastan ko duwan a yau, kuma mutanen zamanin sun tsane su saboda ƙarin da suke yi. Wannan ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga kai, yana bugun ƙirji yana neman jinƙai. Yesu ya ce shi ne ya koma gida a karɓe. Daga nan Kiristoci suka fahimci cewa addu'a ba ciniki ba ce. Ba ka zuwa da kayanka ka ce na yi kaza, a biya ni. Da hannu wofi ake zuwa.

Wani zai ce, to idan na roƙa ban samu ba fa? Tambaya ce ta gaskiya, musamman ga wanda ɓarayi suka kore wa garke, ko bazara ta cinye masa maruƙa. Littafin bai ɓoye cewa akwai roƙon da ba a amsa yadda ake so ba. A lambun Getsamani, daren da za a kama shi, Yesu ya roƙa har sau uku a kawar masa da wahalar da ke gabansa, amma kowane karo ya miƙa kai ga nufin Uba. Manzo Bulus ma ya roƙa sau uku a cire masa wata damuwa da ya kira ƙaya a jiki. Ba a cire ba, aka ba shi ƙarfin ɗauka. Saboda haka rashin samu ba shaida ba ce cewa Allah ya juya wa mutum baya. Nan ma sai a yi hattara da mai cewa kawo kuɗi in yi maka addu'ar da za ta dawo da shanunka. A Ayyukan Manzanni sura ta 8, wani mai suna Siman ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus kuwa ya tsawata masa ƙwarai.

Kada kuma a ɗauka dogara ga Allah zaman jiran tsammani ne. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Bulus ɗin nan da sana'ar ɗinkin tanti ya ci da kansa, ya kuma rubuta wa mutanen Tasalonika cewa wanda ya ƙi aiki ba shi da hakkin ci. Yakubu ɗan Ishaku ya yi shekara 20 yana kiwon dabbobin surukinsa Laban, rana ta dake shi, sanyin dare ya hana shi barci. Ko mannar ma sai an fita da sassafe kafin rana ta narkar da ita. Don haka makiyayi Kirista zai yi addu'a, ya kuma kai shanu rigakafi, ya tanadi dusa da kowa kafin rani ya yi nisa. Ɗan kasuwa zai yi addu'a, ya gyara takardunsa, ya cika mudu.

Abu na ƙarshe da muka jawo hankali a kai shi ne, roƙon abincin da bakin jama'a aka yi shi. "Mu" ake cewa, ba "ni" ba. Wanda ya samu fiye da cin yininsa, ƙila na maƙwabcinsa ne aka biyo da shi ta hannunsa. Roƙon gafara ma an ɗaure shi da yafe wa wanda ya yi maka laifi, ko abokin ciniki ne ko manomin da kuka yi sa-in-sa a kan burtali.

Ba lalle sai a cikin majami'a ba. Yesu ya hori mabiyansa su guji addu'ar a-gani-a-yaba da tara kalmomi barkatai. A bakin rijiya, a cikin mota ana jiran a ɗaga shinge, ko da asuba kafin a kwance maruƙa, duk wuri ne.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba dabbobi lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.