Kaza Mai Kwanci da Rikicin Tsakar Gida

Da wuya a shiga gidan Bahaushe na karkara, ko ma na birni in yana da ɗan fili a bayan ɗakuna, a rasa tarar da kaji suna tono a gindin danga, zabi suna kai da kawowa bisa katanga, agwagi sun kewaye magudanar wanke-wanke, wani jikon har da talotalo ɗaya ko biyu da ake tanadi domin salla; kuma galibin wannan dukiya ta mata ce da yara, da ita ake sayen sabulu da magani, da ita ake fita kunyar baƙo in ya sauka ba zato. To, amma da yake tsuntsayen nan su ke kiwon kansu, abin da ake ba su bai wuce ɗan tsaba da safe da ruwan kasko ba, sai mutane suka ɗauka babu wani ilmi cikin sha'aninsu, har in kaza ta kwanta a kan ƙwai 12 ta tashi da 'yan tsaki 4, a ce haka Allah ya ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musunta, sai dai mafi yawan wannan hasara tana da sababi wanda ido ke gani, kuma in an bi sababin nan a hankali sai a iske ya koma ga abu guda, watau an haɗa mai rauni da mai ƙarfi a wuri ɗaya ba a yi musu shamaki ba.

Kazar gida, bisa ga ɗabi'ar da aka halicce ta a kai, takan saka ƙwai kamar 10 zuwa 15, sa'an nan jikinta ya sauya hali, domin wani sinadari da masana ke kira furolaktin yakan hauhawa a jininta, ya tsayar da saka ƙwai, ya sa mata ƙaunar gurbi. Alamominsa ba su ɓuya: ta ƙi fita kiwo, ta kwana cikin gurbi maimakon ta hau inda ta saba kwana, in an kai hannu ta tayar da gashi ta yi gurnani ta kai sara. Takan fige gashin ƙirjinta da kanta domin fatarta ta taɓa ƙwan, ta riƙe shi cikin ɗumi na wajen digiri 37 zuwa 38, tana juya shi da baki sau da yawa dare da rana, har kwana 21 su cika. Cikin wannan muddar ba ta tashi sai sau ɗaya a yini, na ɗan lokaci, saboda haka takan rame, zankonta ya koɗe. Kajin ƙwai na zamani, irin su Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba kasafai suke kwanci ba, domin an zaɓe su ne tsara bayan tsara saboda yawan ƙwai. Irin waɗannan sukan doshi ƙwai 300 a shekara, alhali ta gida da ƙyar take wuce 60. Amma fa ita ta gida tana da wata falala wadda waccan ta rasa, ita ce tana ƙyanƙyasa ba wutar lantarki ba kananzir, ta kuma reni abin da ta ƙyanƙyashe.

Kafin a fahimci wahalar da mai kwanci ke sha, wajibi ne a san cewa kaji suna da martabobi a tsakaninsu. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda ya fara lura da kaji tun yana yaro, ya wallafa bincike a 1922 inda ya bayyana cewa a kowane garke akwai kazar da ke saran kowa ba mai saranta, sai ta biyu da ke saran kowa ban da ta farko, haka abin ke gangarowa har a kai ga wadda kowa ke sara, ita kuwa ba ta da wanda za ta rama a kansa. Matan ƙauye sun san wannan tun ba a rubuta shi ba, kowace uwargida tana iya nuna maka shugabar kajinta. Kuma tsarin nan a asalinsa maslaha ce gare su, domin da zarar kowace ta san matsayinta sai faɗa ya ragu, harara kaɗai ta isa ta kori ƙarama daga bakin kasko. Fitina tana tasowa ne in wani abu ya rikita tsarin: baƙuwa ta shigo, ko shugaba ta mutu, ko wuri ya yi ƙunci, ko kuwa wata ta ɓace wa idon 'yan'uwanta na kwanaki sa'an nan ta dawo da wata irin kama.

Wannan na ƙarshe shi ne halin mai kwanci. Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida da hantsi ya ga yadda take fitowa: gashi a tashe, fukafukai a sake, tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa, ta yi kashi guda babba mai wari wanda ta tara tun jiya, ta nufi kasko a guje, ta yi birgima cikin toka, duk cikin gaggawa domin hankalinta yana ga ƙwanta. Sauran kaji kuwa sai su ɗauke ta baƙuwa, wannan ta sare ta a ƙeya, waccan ta kore ta daga tsaba, zakara ya bi ta, har ta koma gurbi ba ta ci abin kirki ba. Mafi muni ma, kafin ta dawo wata kazar ta riga ta shige gurbin ta saka sabon ƙwai, domin kaji suna son sakawa inda suka ga ƙwai. In ta dawo suka yi kokawa a kai, ɗaya ko biyu su fashe, ruwansu ya ɓata sauran. Sabon ƙwan nan kuma hasara ne tun daga ranar, gama uwa ba ta jiran na baya: in 'yan tsakin farko suka fito, kwana ɗaya ko biyu take ƙarawa ta tashi da su, ta bar saura a gurbi da rai a cikinsu su huce su mutu, a zo a ce baragurbi ne.

Maganin wannan duka shi ne a shigar da ita halwa. A samo fasasshiyar tukunya mai faɗi ko tsohon kwando, a zuba yashi ko busasshiyar ƙasa da ɗan toka a ƙasa saboda kwarkwata da ƙuma, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a ajiye a wani lungu mai inuwa da iska wanda gafiya da muzuru da maciji ba sa samun hanya, a kewaye da ragar waya ko zana yadda sauran kaji ba za su shiga ba, amma suna iya hango ta, domin kada su manta da ita. Kada a ɗauke ta da rana, don za ta koma tsohon gurbinta ta bar ƙwan; a bari sai bayan lisha, a ɗauke ta a hankali cikin duhu a ɗora ta a kai. Ruwanta da tsabarta su kasance kusa, amma ba a bakin gurbi ba, don ta riƙa tashi tana miƙe ƙafa. Ƙaramar kaza kada a ba ta fiye da ƙwai 8 zuwa 10, gama wanda ya leƙo daga ƙarƙashin fiffike ba ya samun ɗumi, kuma da yake tana juya su, yau wannan ne a waje gobe wancan, sai haɗama ta jawo a rasa duka. A zaɓi ƙwan da bai wuce mako guda da sakawa ba, kada a wanke shi, a yi masa alama da gawayi ko fensir, don in wani ya ƙaru a gane shi a cire. A dare na 7 zuwa na 10 a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu: mai rai za a ga jajayen jijiyoyi sun bazu a cikinsa, wanda kuwa haske ya ratsa shi fayau a fitar da shi tun bai ruɓe ba.

A nan ne hikimar mutanenmu ta dā take bayyana, domin sun daɗe da sanin cewa zabuwa, ko da yake tana zuba ƙwai da yawa da damina, uwa ce marar amana: ta saka a cikin ciyawa nesa da gida, sau da yawa ita da 'yan'uwanta a gurbi ɗaya, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa da sassafe sanyi ya kashe su. Saboda haka ake kwashe ƙwan zabi a sa wa kaza. Sai dai a kiyaye lissafi, gama ƙwan zabi yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar nan tamu mai jan fuska kuwa 35. Wanda ke son haɗa na zabi da na kaza a gurbi ɗaya, sai ya fara sa na zabi, bayan mako guda ya ƙara na kaza, su fito tare. Ƙwan agwagwa kam, a ganina, a bar wa agwagwa abinta, don ita ma gwanar kwanci ce, kuma mako 5 a kan gurbi ya yi wa kaza yawa.

Ba kullum ake son kwanci ba. In bazara ta tsananta ƙyanƙyasa takan yi rauni, ko kuwa babu zakara a gidan, ko ƙwai ake bukata na ci da sayarwa. To, a nan sai a karya mata kwancin, don kaza tana iya shafe makonni a gurbi wofi tana ramewa. Hanyoyin da wasu ke bi, na tsoma ta cikin ruwa, ko soka mata gashi a hanci, ko ɗaure ta a rana ba ci ba sha, azaba ce wadda shari'a ba ta yarda da ita ba, kuma hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya isa gargaɗi. Abin da ake nema kawai shi ne cikinta ya huce, ta kuma rasa gurbi. A sa ta a keji mai gindin waya, a ɗaga shi bisa duwatsu don iska ta ratsa ta ƙasa, a inuwa mai haske, da abinci da ruwa wadatattu. Galibi kwana 3 zuwa 5 sun isa, bayan mako ɗaya ko biyu ta koma saka ƙwai.

Game da rikicin jinsi da jinsi, kowane yana da irin nasa laifi. Mazan zabi, in damina ta faɗi, sukan taru su yi ta korar zakara suna fige masa wutsiya har ya rasa sukunin cin abinci. Toron agwagwa, in ba shi da mata isassu, yakan danne kaza, nauyinsa kuwa yana iya yi mata lahani. Agwagi suna dagula ruwan sha da taɓo, kuma kwanon da ya dace da su rijiya ce ga ɗan tsako, shi ya sa ake zuba tsakuwa cikin kaskon ƙanana. Talotalo kuma, duk da girmansa, shi ne abin tausayi, domin akwai wata cuta mai lalata hanta wadda kaji ke ɗauke da ita ba ta cika kayar da su ba, amma tana kashe 'ya'yansa. Raba makwancinsu ya fi alheri. Zakara ɗaya ya isa kaji 8 zuwa 10, ƙari a kan haka fitina ne.

Abu mafi sauƙi da mafi fa'ida, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne a raba wurin ci da sha gida biyu ko uku, yadda mai tsaye a ɗaya ba ya hango ɗayan, gama azzaluma ba ta iya tsare kasko biyu a lokaci guda. A bar wani abu a tsakar fili, ko tsohuwar ƙofa a jingine ko tarin itace, inda wadda aka kora za ta fake. In aka ga suna fige gashin juna suna ci, sau da yawa ƙarancin abinci mai gina jiki ne, sai a ƙara musu gara da tunkuza da ganye a kan dusa. Amma in jini ya fito, to, babu jinkiri, domin jan launi yana jan bakin kaza, kuma ƙaramin rauni a ƙeya ko a dubura yana iya zama ajali kafin la'asar. A fitar da mai raunin, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa shuɗin maganin nan na kemis wanda ke ɓoye jan, kada a mayar da ita sai ta warke. In kuwa an gane mai laifin guda ce, ita ya kamata a tsare mako guda inda ba ta ganin kowa, don in ta dawo za ta tarar an gaje matsayinta. Wadda ta maimaita bayan haka, ko zakaran da ya saba fasa kan 'yan tsaki, hukuncinsa wuƙa. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Baƙuwar kaza daga kasuwa kada a sake ta cikin garke ranar da aka kawo ta. A keɓe ta aƙalla mako biyu, musamman da hunturu, lokacin da annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil take share gidaje, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take yin rigakafinta. Sa'an nan a ajiye ta mako guda a bayan raga suna ganin juna, kana a haɗa su da dare. Haka nan uwa da 'yan tsakinta, a bar su ƙarƙashin babban kwando ko cikin kewayensu mako 4 zuwa 6, a tsare su daga shirwa da raɓa da bakin manya, a fara sakinsu da yamma na ɗan lokaci ana kallo. In suka kai mako 6 zuwa 8 uwar da kanta za ta fara korarsu ta koma saka ƙwai, kuma daga ranar nan ba su da mai kare su sai mai gida. Saboda haka a tanadar musu nasu kaskon a ƙarƙashin kwandon da aka ɗaga bakinsa kaɗan, yadda su za su shige su ci, babbar kaza kuwa ba ta iya shiga.