Idon Bakwaini Ba Ya Jiran Arba'in

A Babura da ƙauyukanta, in aka sallamo bakwaini daga asibiti, 'yan barka kan ce an tsallake siratsi. Mai jego ta kama wanka da shan kunun kanwa, kaka ta naɗe jariri cikin zannuwa, ba mai fita sai an yi arba'in. Gaskiya an tsallake abu babba, amma da sauran aiki, kuma wani ba ya jira.

Likitoci da makonni suke lissafin ciki. Cikakke mako 40 ne. Wanda aka haifa kafin mako 37 ya zo da wuri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020. Wanda bai kai mako 32 ba, shi ne hatsarinsa ya fi.

Ido ne ya fi damuna. Jijiyoyin jini na can bayan ido ba sa gama tsirowa sai ciki ya kusa cika. In haihuwa ta katse su, musamman in jariri ya daɗe a kwalba ana ba shi iskar oksijin, suna iya tsirowa a karkace, su ja fatar da ke ɗaukar gani har su ɓamɓare ta. Uwa ba za ta ga alama ba: ido bai yi ja ba, babu kwantsa, babu hawaye. Sai bayan watanni a lura yaro ba ya bin hasken fitila, ko a hango wani fari a ƙwayar idonsa, lokacin kuwa an makara. Wannan ciwon ne ya makanta mawaƙin Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950. Yau ana iya tare shi da hasken leza ko allura, in dai an yi dubawar farko cikin kwana 30 da haihuwa. Likitan ido zai ɗiga magani ya leƙa ciki, sau da yawa ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu.

Kwana 30 kuwa a tsakiyar jego yake faɗawa. Ga shi aikin na ƙwararru ne, sai manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga mutumin Babura, ko na Gwiwa da Roni, wannan na nufin kuɗin mota da yinin hanya da ɗanyen goyo. A ganina nauyin nan na maigida ne: shi zai nemo kuɗin, shi zai lallashi iyaye a bar mai jego ta fita.

Kunne ma a gwada shi, musamman in jariri ya yi shawara mai tsanani. A riƙa auna nauyinsa da girman kansa. Da hunturu, babu abin da ya kai uwa ta kwantar da shi a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure da zane. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabarar a 1978, lokacin da kwalabe suka yi ƙaranci.

Sai maganar gori. Za ka ji ana cewa sa'anninsa duk sun zauna, shi har yanzu. A cire masa makonnin da ya rasa a ciki: wanda ya zo saura wata biyu, in ya kai wata takwas, a auna shi da ɗan wata shida, haka har ya shekara biyu. Rigakafi kam da ranar haihuwarsa ake lissafi. Amma in an cire ɗin kuma wuya bai tsaya ba, ko ƙafafu suna sandarewa, ko ba ya waiwayar sauti, kada a tsaya ga rubutu da hayaƙi kaɗai, domin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi sun fi amfani in an fara da wuri.

Roƙona ga ma'aikatan jinya a Babura da Kazaure: kafin a sallami bakwaini, a rubuta ranar duba ido a jikin katinsa, a kuma faɗa wa uban yaron baki da baki.