Kiwon Ƙwayoyin Kefir na Ruwa a Gida

Kefir na ruwa abin sha ne mai ɗan tsami da kumfa, wanda ake samu idan aka zuba wasu ƙananan ƙwayoyi masu taushi, waɗanda haske ke ratsa su, a cikin ruwan sukari, aka bar su kwana ɗaya ko biyu har ruwan ya tsimu. Ƙwayoyin nan ba tsabar wani tsiro ba ce, ba kuma shuka su ake yi ba. Dunƙule ne na wani sinadari mai danƙo da ake kira dekstran, wanda ɗimbin ƙananan halittu, wato bakteriya da yis, suke zaune a kansa. Sun bambanta da ƙwayoyin kefir na madara da aka sani da mutanen duwatsun Kokasas, domin waɗancan farare ne kuma da madara suke rayuwa, alhali waɗannan sukari ne abincinsu, kuma ɗaya ba ya komawa ɗaya komai daɗewar da aka yi ana sauya masa abinci. A ƙasar Meziko ana kiran su tibikos, kuma a shekarar 1899 wani masani mai suna Lutz ya yi bayanin irinsu da ake samu a jikin wani tsiro mai ƙaya na can da ake kira Opuntia, bayan da masanin tsirrai Marshall Ward ya bayyana wasu ƙwayoyi makamantansu a 1892, waɗanda mutanen Ingila suke tsima ruwan citta da su.

Duk wanda yake son ƙwayoyinsa su daɗe, wajibi ne ya fara fahimtar yadda suke gina jikinsu, domin kusan duk ƙa'idojin kiwonsu daga nan suka samo tushe. Sukarin da ake sha da shayi, wanda masana ke kira sukuros, haɗi ne na sukari iri biyu, gulukos da furaktos. A cikin mazauna ƙwayar akwai wata bakteriya da aka daɗe da sani da suna Lactobacillus hilgardii, wadda take raba sukuros gida biyu, ta ɗauki gulukos ɗin ta jera shi ɗaya bayan ɗaya har ya zama dogon zare, kuma wannan zaren shi ne dekstran ɗin da ƙwayar take ƙaruwa da shi. Ke nan idan babu sukuros, ginin ya tsaya. Wannan ne ya sa wanda ya maye gurbin sukari da zuma zalla, ko da ruwan 'ya'yan itace, zai iya samun abin sha mai daɗi a karon farko da na biyu, amma a hankali zai ga ƙwayoyinsa sun daina yawa, domin yawancin zaƙin zuma gulukos ne da furaktos da aka riga aka raba, ga shi kuma tana da halin hana wasu ƙananan halittu yaɗuwa. Kayan zaƙi na masu ciwon sukari kuwa, irin waɗanda ba sukari ba ne, ba su da wani amfani ga ƙwayoyin ko kaɗan.

Awon da yawancin masu wannan aiki suke bi shi ne giram 60 zuwa 80 na sukari, wato kimanin cokali biyar ko shida na cin abinci, a cikin lita ɗaya ta ruwa, tare da cokali uku ko huɗu na ƙwayoyi. Farin sukari yana ba da sukuros tsantsa amma ba ya ɗauke da ma'adinai ko sauran abubuwan gina jiki da halittun suke buƙata, shi ya sa tun da daɗewa ake jefa busasshen ɓaure ɗaya ko biyu ko ɗan zabibi a cikin kwalbar, a cire su bayan an gama. Inda ake samun mazarƙwaila, ana iya gauraya kaɗan daga cikinta da farin sukari, domin ruwan rake da aka dafa ba a tace shi ba yana riƙe da ma'adinansa. Sai dai idan aka yawaita ta, ƙwayoyin sukan yi duhu, su yi laushi, ruwan kuma ya yi yauƙi. Busassun 'ya'yan itace da aka sa wa maganin hana lalacewa na sinadarin salfa bai kamata su shiga kwalbar ba, tunda an sa maganin ne musamman don ya kashe irin halittun da ake kiwo.

Ruwa ma yana da nasa sharaɗin. Ruwan famfo da hukumar ruwa ta tace yakan zo da kulorin, wanda aikinsa kashe bakteriya ne ba tare da bambance mai cutarwa da mai amfani ba, don haka ana tafasa shi a bar shi ya huce, ko a ajiye shi a buɗe kwana guda kulorin ɗin ya fice. Ruwan da aka tace har aka cire masa dukkan ma'adinai, kamar yadda wasu kamfanonin ruwan gora suke yi, yana da tsabta amma yana raunana ƙwayoyin bayan 'yan makonni. Ruwan rijiya ko na burtsatse, idan an tafasa shi don tsaro, sau da yawa ya fi dacewa, saboda yakan ɗauko kalsiyum daga ƙasa.

Dalilin da ya sa kalsiyum da sauran ma'adinai suke da wannan daraja yana kai mai karatu ga babban abin da ke kashe ƙwayoyin kefir a gidaje, wato tsami. Yayin da halittun suke cin sukari, bakteriya suna fitar da asid mai tsami irin na nono, yis kuma yana fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce kumfar, tare da ɗan sinadarin barasa. Masana suna auna tsami da wani ma'auni mai suna pH, wanda lamba 7 take tsakiyarsa, kuma duk sa'ad da lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Ruwan kefir yakan gangara zuwa wajen 3.5 a cikin kwana biyu ko uku. Binciken da David Laureys da Luc De Vuyst suka yi a Jami'ar Vrije ta birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, wanda suka fara wallafawa daga shekarar 2014, ya nuna cewa idan tsamin ya yi yawa, bakteriyar da ke ƙera dekstran takan kasa aikinta, sai girman ƙwayoyi ya ragu daga zubi zuwa zubi, kuma ruwa mai isasshen kalsiyum da ƙarfin rage kaifin asid yana kare su daga hakan. Ma'anar wannan a aikace ita ce, halittun da kansu suke ɓata wurin zamansu, kuma aikin mai kiwo shi ne ya fitar da su daga ruwan kafin ya fi ƙarfinsu. Mutane da yawa sukan ɗora laifin mutuwar ƙwayoyinsu a kan ƙazanta ko a kan wanda ya ba su iri, alhali sau da yawa mantuwa ce ta kwana huɗu ko biyar ta yi ɓarnar, lokacin da sukari ya ƙare, yunwa da tsami suka haɗu a kan ƙwayoyin. Saboda wannan ne wasu suke ƙara ɗan mitsitsin bekin soda, abin da bai wuce a ɗauka da yatsu biyu ba, ko gutsuren ɓawon ƙwai da aka tafasa, idan ruwansu ba shi da ma'adinai. Lemun tsami da ake yawan gani a cikin tsarin haɗawa na Turai kuwa ƙara tsami yake yi tun daga farko, don haka yanki ɗaya ya wadatar, kuma ga ƙwayoyin da suka riga suka raunana gara a bar shi.

Tsawon lokacin da ya kamata a bar kwalbar ya dogara ne a kan zafin wuri, kuma a nan ne mai karatu na ƙasar Hausa yake buƙatar yin hattara da littattafan da aka rubuta a ƙasashe masu sanyi. Awa 24 zuwa 48 da suke ambatawa an ƙiyasta su ne a kan ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara yakan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, tsimawar takan yi sauri ƙwarai, har ta kai ga ruwan da aka haɗa da safe ya isa tacewa kafin gari ya sake wayewa, kuma zafin da ya haura digiri 30 na tsawon kwanaki yakan sa ƙwayoyin su farfashe su yi ƙanana. Maganin wannan ba ya buƙatar na'ura: a ajiye kwalbar a wuri mafi sanyi na gidan, nesa da rana da murhu, ko a tsayar da ita cikin kwano mai ruwa kusa da randa, a rage yawan ƙwayoyin da ake zubawa, a kuma riƙa ɗanɗanawa. Idan zaƙi ya ragu sosai amma bai ɓace ba, ɗan tsami ya fito, lokacin tacewa ya yi. A lokacin hunturu kuwa al'amarin yakan juya, kwana biyu su zama daidai.

Game da kayan aiki, kwalbar gilashi mai faɗin baki ita ce ta fi dacewa, tare da mataci na roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Tukunyar alminiyum da ta tagulla da ta baƙin ƙarfe asid yana cin su, don haka ba a tsima kefir a cikinsu. Ragowar sabulu ma yana cutar da ƙwayoyin, sai a ɗauraye kwalba sosai, amma su ƙwayoyin ba a wanke su a kowane zubi, domin halittun a jikinsu suke manne. Rufe bakin kwalba da ƙyalle yana hana ƙuda da tururuwa, sai dai yana barin iska ta shiga, kuma iska tana ƙarfafa wani rukunin bakteriya da ke mai da barasa ruwan khal mai kaifin tsami. Murfin da aka ɗora ba a ɗaure shi tamau ba yana rage wannan, yana kuma barin kumfa ta sami mafita.

Lafiyayyun ƙwayoyi ana gane su da ƙarfin jikinsu, da ƙananan kumfa da ke tashi idan an girgiza kwalbar, da kuma ƙaruwar da suke yi, wadda wani lokaci takan yi yawa har mai su ya rasa inda zai kai su. Rage su wajibi ne, domin ƙwayoyi masu yawa a ruwa kaɗan suna cinye sukari da wuri su jawo tsamin da aka yi bayani a baya, kuma rarar ce ake ba maƙwabta, kamar yadda mai kindirmo take ajiye ɗan tsohon nono don ta kafa sabo. Ƙwayoyin da suka yi laushi ko suka daina kumfa sau da yawa sukan farfaɗo idan aka ɗauraye su sau ɗaya da ruwa marar kulorin, aka koma ga farin sukari da ɓaure, aka riƙa sauya musu ruwa kowace rana har zubi uku ko huɗu. Farar yana marar gashi da kan kwanta a saman ruwa yawanci wani nau'in yis ne da ake kwashewa a zubar. Amma fumfuna mai gashi, koriya ko baƙa ko ruwan hoda, ko warin ruɓa, hukuncinsu ɗaya ne: a zubar da ruwan da ƙwayoyin gaba ɗaya, a nemi sabon iri.

Wanda zai yi tafiya yana iya zuba ƙwayoyin a sabon ruwan sukari ya sa su a firji na mako biyu ko uku, muddin wutar lantarki ba ta yawan ɗaukewa, domin firjin da ya kwana biyu babu wuta ya zama akwati mai ɗumi, tsimawa kuma ta ci gaba a cikinsa. Daskarar da su a ƙanƙara yana farfasa jikinsu, kuma sau da yawa ba sa komawa girma kamar da. Don ajiya ta watanni, busarwa a inuwa a kan tsabtataccen faranti ita ce hanyar da aka saba, sai dai busassun ƙwayoyi sukan ɗauki zubi da dama kafin ƙarfinsu ya dawo.

Bayan an tace ƙwayoyin ne ake ƙara wa ruwan ɗanɗano, da zoɓo ko citta ko tsamiya ko abarba, a cikin wata kwalba dabam, kuma ba a haɗa waɗannan da ƙwayoyin kansu. Idan aka toshe wannan kwalba ta biyu don a ƙara kumfa, iskar da ke taruwa tana iya fasa gilashi a lokacin zafi, saboda haka ana buɗe ta a kai a kai, ko a yi amfani da gorar roba wadda taurinta zai nuna cewa ta cika. Akwai kuma batun da Musulmi mai karatu ba zai so a ɓoye masa ba, wato barasa. Duk inda yis ya ci sukari sai ya fitar da ita. A gajeren tsimi takan kasance kaɗan, sau da yawa ƙasa da kashi 1 cikin 100, amma yawan sukari da zafi da tsawon lokaci a rufaffiyar kwalba suna iya kai ta kashi 2 ko fiye. Hukuncin shari'a a kan wannan na malaman fiƙihu ne, kuma ya dace mai shakka ya tambaye su da cikakken bayanin yadda ake haɗa abin. Masu juna biyu da ƙananan yara da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni da masu ciwon sukari kuwa, su nemi shawarar likita kafin su fara sha, domin kefir na gida ba a auna yawan sukarinsa ko barasarsa kamar na kamfani.